Masu zanen Birtaniya na yanzu, da abin da na gano nasu daga nan Sakkwato

In dai ana zancen masu zane-zanen Birtaniya na zamanin nan to da kifi ake farawa, wani ƙaton kifin shak da Damien Hirst ya sa anka kamo mishi a tekun Ostireliya a 1991, anka tsunduma shi cikin akwatin gilashi cike da ruwan maganin nan mai hana gawa ruɓewa, shi ke nan aiki ya ƙare, mutane su zo su tsaya su kalli mutuwa ido da ido. Wani attajiri mai harkar talla Charles Saatchi shi ya biya kuɗin. Kifin ma bai daure ba, ya fara lalacewa a hankali har sai da anka canza shi da wani sabo a 2006.

Hirst da abokanshi ɗalibai ne a kwalejin Goldsmiths da ke Landan, a 1988 sunka samu wani tsohon gini da ba kowa ciki wajen tashar jiragen ruwa sunka share shi sunka baje kolin aikinsu da kansu, ba su tsaya jiran wani babba ya ce musu ku zo ba. Wanga abu kam ya burge ni kuma har gobe yana burge ni. Daga nan anka laƙaba musu suna matasan masu zanen Birtaniya, sunka cika jaridu shekara goma cur. Tracey Emin ta ɗauko gadonta yadda yake bayan ta yi kwanaki kwance cikin baƙin ciki, zanin gado a yamutse, kwalabe da guntayen taba da tarkace a ƙasa, ta kai gidan kallo a 1999 ta ce ga aiki, kuma a 2014 anka sai da gadon a gwanjo sama da fam miliyan 2.5. Hirst ya zo ya yi ƙoƙon kan mutum da farin ƙarfe mai tsada ya manna mishi lu'ulu'u 8,601 a 2007, shekara na zagayowa a watan Satumba ya kwashe aikinshi ya kai gwanjo kai tsaye ya tashi da fam miliyan 111 cikin kwana biyu, a daidai satin da babban bankin nan na Amurka Lehman ya rushe duniya ta shiga matsin kuɗi.

Gaskiyata zan faɗa, waɗanga ba su taɓa min zuciya ba. Ban ce ba su da basira ba, gadon Emin akwai gaskiya cikinshi mai ɗaci, mace ce ta ƙi ɓoye ranar da ta fi muni a rayuwarta. Amma yawancin abin ya koma wa zai fi girgiza mutane, wa zai fi tsada, har ɗige-ɗigen fenti da ake sai da su da sunan Hirst yaranshi na aiki ne ke yin mafi yawansu. Ni da nake zanen allunan shaguna da katin biki a kwamfuta, nake ƙona data da dare ina zuƙo hotunan aikin mutane a waya ina duba yadda burushi ya bi, abin da nake nema shi ne hannu, in ga inda mutum ya zauna ya sha wuya da abu har ya ba shi haɗin kai.

Cikin 'yan wancan zamani mutum ɗaya nake cirewa, Rachel Whiteread. A 1993 ta samu wani tsohon gida a gabashin Landan da za a rushe, ta feshe cikinshi da kankare ɗaki ɗaki, da ya bushe sai anka ɓamɓare bangon waje da rufi anka bar abin da ke ciki tsaye, kaman dai yadda ake kife tuwo daga kwano ya fito da siffar cikin kwanon. Wato sararin da mutane sunka yi rayuwa ciki, inda anka haihu anka yi faɗa anka yi barci, shi ne ya koma dutse, kana ganin shaidar taga da ƙofa da murhu amma duk a juye kuma ba hanyar shiga. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar Turner, babbar kyautar zane ta ƙasar wadda anka fara bayarwa a 1984, kuma duk da haka hukuma ta zo ta rushe gidan a Janairun 1994. Duk wanda anka taɓa faɗaɗa titi anka bi ta kan gidan kakanshi zai gane wanga aiki ba sai an yi mishi bayani ba.

To amma waɗanda sunka sa na zauna rubutun nan daban ne. Su ne 'ya'yan baƙi, waɗanda iyayensu sunka je Ingila daga Najeriya da Gana da Kenya da Bangaladash da tsibiran Karebiyan, kuma in ka duba shekarun nan na baya su ne riƙe da fagen.

Chris Ofili a Manchester anka haife shi a 1968, iyayenshi 'yan Najeriya. Ya je Zimbabuwe a 1992 ya ga zanen mutanen da a bangon kogo, ɗige-ɗige ne birjik, ya dawo da wanga salo ya kuma dawo da wani abu da ba wanda ya zata, kashin giwa. Busasshe, a mulmula shi a shafe da wani danƙo mai sheƙi, wani a manna jikin zanen, biyu kuma a aje ƙasa zanen ya tsaya kansu ya jingina da bango maimakon a rataye shi. In ka ji haka kana iya cewa ai shi ma neman suna ne, amma ka je ka nemo zanen da ya yi a 1998 na wata mata tana kuka. An zana ta ta gefe, kitso a kanta, idonta rufe, bayanta launi ne hawa hawa, ɗigo kan ɗigo da ƙyalƙyali har ido ya rasa inda zai tsaya, ga hawaye suna gangarowa shuɗi shuɗi. Sai ka zuƙo hoton sosai za ka ga cikin kowane ɗigon hawaye akwai ɗan ƙaramin hoton fuskar wani yaro. Stephen Lawrence ke nan, ɗan shekara 18, baƙar fata, wanda wasu samarin Turawa sunka daɓa wa wuƙa yana jiran bas a kudancin Landan a 1993, 'yan sanda sunka yi wasa da binciken, uwarshi Doreen ta yi ta fama shekara da shekaru, sai a 2012 anka ɗaure mutum biyu. Domin ita Ofili ya yi zanen. Ranar da na fara gano fuskar nan cikin hawayen sai da na aje waya. A shekarar ya ci Turner, baƙar fata na farko. Akwai wani aikinshi da ban yarda da shi ba ko kaɗan, wanda ya yi kan Nana Maryam ya haɗa da kashin giwar da wasu hotuna na rashin kunya, wanda ya tada ƙura a New York a 1999, mu Musulmi mun san darajarta kuma ban ga hujjar da za ta sa in karɓa ba. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, haka na ɗauke shi.

Sai Yinka Shonibare, wanda nake jin in da za a kai aikinshi babbar kasuwa mata ne za su fara gane shi kafin 'yan boko. An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas, ya koma Ingila karatu, yana ɗan shekara 18 wani ciwon laka ya kama shi ya shanye mishi ɓarin jiki, yanzu a keke yake kuma mataimaka ne ke ɗinka abin da ya tsara. Yana makaranta wani malaminshi ya tambaye shi don mi ba ya yin zane na asalin Afirka. Sai ya tafi kasuwar Brixton ya sayo atamfa, ya shiga bin tarihinta, ya tarar ashe salon na mutanen Indunusiya ne, Turawan Holan sunka kwaikwaya da inji, masaƙun Manchester su ma sunka shiga, anka kawo muna nan Afirka ta Yamma munka karɓa munka mai da ita tamu har ba a haɗa lefe sai da ita. To mi ne asalin? Daga nan ya fara ɗinka tufafin manyan Turawan zamanin Sarauniya Biktoriya, riguna masu baza da kwat da komai, amma da atamfa, ya sa wa mutum-mutumi marasa kai. A 2010 ya aje ƙaton kwalba a dandalin Trafalgar tsakiyar Landan, cikinta jirgin yaƙin Nelson, jarumin da Ingila ke taƙama da shi, amma ƙyallayen da iska ke turawa duk na atamfa ne. Ba zagi ba ihu, ya dai nuna musu cewa arzikinku da tarihinku a ɗinke suke da namu. Ni kuma abin da ke ci min rai in na ga aikin shi ne masaƙunmu na Kaduna da sunka mutu, atamfar da ke cikin akwatin ƙannenmu yanzu yawancinta daga Sin take zuwa.

Na san abin da wani zai ce tun ɗazu, kai malam duk wanga ai surar mai rai ce da gumaka. Magana ce mai nauyi kuma ba ni wasa da ita, a garin Shehu muke, ni kaina ba ni aje mutum-mutumi a ɗakina. Amma jama'a ba duka ne haka ba, da yawa cikin waɗanda sunka fi ƙarfi yanzu babu ko inuwar mutum a aikinsu. Rana Begum an haife ta a Silet ta Bangaladash a 1977, tana yarinya anka kai ta Ingila, aikinta sandunan ƙarfe ne jere a bango, kowane gefe da nashi launi, in kana tsaye hagu ka ga ja, kana takawa zuwa dama sai ya narke ya koma ruwan ɗorawa ko shuɗi, haske ne da maimaici kawai, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa karatun Alƙur'ani da ta yi tana ƙarama, maimaita aya har ta zauna, da adon masallatai, su ne tushen abin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san mi take nufi. Mohammed Sami ɗan Bagadaza, haihuwar 1984, ya yi gudun hijira ya ƙare a Landan, shi ɗakuna yake zanawa ba kowa ciki, kujera, kafet, inuwar wani abu da ba ka ganin mai ita, amma kana kallo gabanka na faɗuwa don ka san an yi yaƙi a nan. Jadé Fadojutimi kuma yarinya ce haihuwar 1993 mai jinin Najeriya, zanenta ya fi ta tsawo nesa, launi ne kawai ke gudu yana karo da juna.

Masu zana mutane ma akwai wadda ba ni gajiya da kallonta, Lynette Yiadom-Boakye, 'yar Ganawa haihuwar Landan 1977. Baƙaƙen mutane take zanawa suna zaune, suna hutawa, wani ya ɗora ƙafa kan ƙafa wani yana kallon gefe, cikin launin ƙasa-ƙasa da kore mai duhu, farin ido da farar riga su ne kawai ke haskawa. Kuma ba wanda ya taɓa rayuwa cikinsu, duk daga kanta ta ƙago su. Ba bayi ba ne, ba masu yunwa ba, ba masu zanga-zanga ba, mutane ne kurum da ba su bin kowa bashin bayani.

Yanzu ga inda zancen ya iso gida. Akwai wata dattijiya Magdalene Odundo, haihuwar Nairobi 1950, tukwane take ginawa, kuma yau tukunyarta ɗaya sai manyan gidajen tarihi da attajirai, har Sarauniya ta ba ta babbar lambar girma a 2020. Ina ta koyo? Tana ɗaliba a Ingila ta taso ta zo Najeriya wajen 1974, ta zauna a makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, ta koyi ginin hannu irin na matan Gwari wajen su Ladi Kwali, matar nan da ke bayan naira ashirin. Ba ta aiki da injin juyi. Yumɓu take murzawa ta ɗora ta ja shi sama da yatsu, in ya sha iska ta shafa mishi ruwan yumɓu mai laushi ta bi shi da dutse mai santsi tana gogewa, ta goge ta sake gogewa har ya ɗau sheƙi ba tare da an sa mishi wani fenti ba. Gashin farko tukunya ta fito ja jawur, in tana son baƙa sai ta sake gasa ta a rufe inda iska ba ya shiga hayaƙi ya kama jikinta. Wuyan wata ya karkace, wata ta yi ƙugu, wata ta buɗe baki sama. Wanga fa ilimin kakanninmu ne, shi ne dai wanda ake yin randa da tulu da shi ana sai da su arha a bakin kasuwa muna ma neman ragi.

Na kai wa kawuna hoton, shi baduku ne tun tasowarshi, gafaka da tumtum da kayan doki yake yi. Na same shi ya shimfiɗa jar fata kan katako yana fere wani siririn zare daga wata koriya da wuƙa, siririn da in ni ne sai ya tsinke sau goma, yana sakawa da basilla yana fitar da wani ado mai kusurwa kusurwa a bakin gafaka, ba zane a gabanshi ba ma'auni, ido ne da yatsa. Na ce Kawu ku duba wagga tukunya, a wajenmu anka koyo ta. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce "Hannunta na da kyau, wagga ta san wuta." Na gaya mishi irin darajar da take da ita can, bai ko yi mamaki ba, tambaya ɗaya ya yi, "To su waɗanda sunka koya mata, an san su?" Na ce an san guda, tana jikin kuɗi ma. Ya ce to madalla, ya miƙo min wayata ya koma kan fatarshi.

Tambayar nan ta zauna min, don fatar da ke gabanshi ita kanta labarinta ke nan. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin mafi kyau a duniya, majemanmu su jeme ta da bagaruwa a rina da karan dafi, ɗaruruwan shekaru fatake na ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Magrib sai anka riƙa kiranta fatar Maroko, anka yi bangon manyan littattafai da ita. Sunan garinmu bai bi ta ba balle sunan wanda ya jeme ta. Kuma har yau in ka sayi jaka wajen dukawa ba inda za ka ga wa ya yi ta.

Shi ya sa aikin Lubaina Himid ya kama ni. Haihuwar Zanzibar ce 1954, tana jaririya anka kai ta Ingila, ta yi shekara talatin da wani abu tana aiki tana haɗa wa mata baƙaƙe baje koli ba a kula ta ba, sai a 2017 da anka cire dokar cewa sai ɗan ƙasa da shekara 50 zai ci Turner, ta ci tana da 63, baƙar mace ta farko. A 2004 ta yanka katako siffar mutane guda 100 tsayin mutum, ta yi musu fenti da tufafi masu launi, bayin Afirka ne da anka kai gidajen sarautar Turai, wanga makaɗi, wanga mai ginin tukwane, wanga mai ɗinkin takalmi, wagga mai maganin gargajiya, a bayan kowane ta manna takarda irin ta rasit mai ɗauke da sunanshi na gida da sunan da iyayengiji sunka laƙa mishi da sana'ar da yake yi da da wadda anka sa shi yanzu. Mai ɗinkin takalmin nan da na gani kawuna na tuna.

Bayanta abin ya buɗe. Veronica Ryan ta ci Turner a 2022, ita ce ta yi manyan 'ya'yan itacen Karebiyan da tagulla da farin dutse ta aje a titin Hackney don tunawa da baƙin da sunka zo gina Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Jasleen Kaur 'yar Glasgow ta ci a 2024 da wata tsohuwar mota Ford ja da ta lulluɓe da ƙaton saƙin kwarashi irin wanda iyaye mata ke rufe tebur da shi, ta kuma tsaya wajen karɓar kyautar ta yi magana kan Falasɗinu. A 2025 sai Nnena Kalu, 'yar Najeriya haihuwar Glasgow 1966, mai lalurar da ta sa magana ke mata wuya, ita naɗi take yi, tsumma da leda da salatif da zaren tsohon kaset na bidiyo, ta naɗa ta naɗa har ya zama wani ƙaton dunƙule mai launi rataye a sama. Tun 1999 wata ƙungiya ta ba ta ɗakin aiki da kayan aiki da mai taimaka mata. Ina tunanin irinta nawa ne a cikin gidajenmu an rufe su a ɗaki, ko suna bakin titi da kwano.

Ba wai Ingila ta zama aljanna ba ne, sun daɗe suna rufe wa mutanen nan ƙofa kuma kasuwar zane kasuwa ce, yau tana son baƙar fata gobe tana iya juya baya. Ba kuma cewa nake mu koma yin abu don Bature ya yaba ba. Abin da na gani shi ne kowanensu ya samu abu uku, makaranta da ta ɗauki aikin hannu da daraja, ɗaki mai farin bango da za a aje aikin mutane su zo su kalla ba don su taya ba, da takarda ƙarama a gefe mai sunan wanda ya yi da shekarar da ya yi. Shonibare ya gane haka, ya dawo ya gina gidan saukar masu zane a Legas da gona a ƙasar Ijebu inda suke zuwa su zauna su yi aiki. Legas ta yi muna nisa. Zariya na da sashen zane tun kafin 'yancin kai, a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar Ahmadu Bello, can su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya sunka kafa ƙungiyarsu a 1958 da irin wanga tunani na komawa ga adon gida, amma yaro ɗan Sakkwato da ya iya zayyanar allo ko ɗinkin hula ko fere fata wa zai ce mishi hanyar nan tashi ce?

Muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu, muna da jami'ar Ɗanfodiyo, muna da attajirai masu gidajen da ba kowa ciki. Su Hirst ma da tsohon gini sunka fara. Ɗaki ɗaya ya isa, a shafa farar ƙasa a sa fitila mai kyau, a ɗauko gafaka goma daga hannun dukawa goma, allunan zayyana daga alarammomi, huluna, tukwane, tabarmi, da aikin yaran nan masu zane a waya da ke cike Instagram, kowane a rubuta sunan mai shi a gefe, a bar shi wata guda, a kawo 'yan makaranta aji aji. Bugun takardun sunayen da allon ƙofa ni na ɗauka kyauta, kuma na riga na yi wa kawu magana, ya ce in an tashi a ba shi wata biyu don ba zai kai tsohon aiki ba.